Janareton Malam Isa da Kuɓewata

Laraba, bayan isha'i

Alhamdu lillahi! Yau na tsinki kuɓewa kwano guda cike, ko ɗigon maganin feshi bai taɓa ta ba. Tun da feshin bara ya kwantar min da 'yata Hauwa'u, tana tari kamar ƙirjinta zai tsage, na rantse ba zai ƙara shigowa gidan nan ba. Ƙwari kuwa suka samu wuri, ganye duk ya nannaɗe.

Sai na lura layin kuɓewar da ke jikin danga, inda maƙwabcinmu Malam Isa tela ya jingina janaretonsa, lafiyarsa lau. Yaya Sani ya ce wai ƙananan ƙwarin nan da girgiza kara suke kiran juna, in karan yana rawa namiji ba ya gane inda mace take. Nan take na ɗaura waya a dangar, na bi da ita turakun kowane layi, don girgizar injin ta kai ga kowane kara. Sati uku ke nan. Sabon ganye fes!

Abin kunyar, ni ce na kai ƙarar injin nan wurin mai unguwar Kokoro, na ce ya hana mu sakat. Da la'asar na kai wa Malam Isa rabin kuɓewar, na roƙe shi kada ya matsar da shi.

Sai ya ce, "Maman Hauwa'u, ai an ba ni zuwa Juma'a in ɗauke shi. Sai ki je ki janye ƙararki."

Zan je kuwa, da sassafe. Ɗaya rabin na mai unguwa ne.