Tsohuwa Mai Tiren Ƙwai

Litinin, 1 ga Satumba

Yau wata takwas cif da na fara aiki a kamfanin nan na masu haɗa gem ɗin waya, ni ce mai kula da ma'aikata. Shekara goma sha tara na yi ina irin wannan aikin a masaƙa, inda kowa ke zuwa da takalmi sau-ciki. Nan kuwa silifa. Mutum ashirin da shida, ba wanda ya kamo ƙafata a shekaru, kowa "Anti" yake ce min, har Manaja.

Gem ɗin da suke fama da shi yanzu: wata tsohuwa ce da tiren ƙwai a ka, za ta ratsa kasuwa kada ko ɗaya ya fashe. A kan wannan ƙattai masu gemu suke tada jijiyar wuya.

Laraba, 3 ga Satumba

Dogo ya shigo ofishina ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne shugaban masu rubuta manhajar, kansa kullum sai ya taɓa labule. Ƙarar Kurciya ya kawo, yarinyar da aka ɗauka gwaji wata uku, wadda aikinta shi ne ta yini tana buga gem ɗin tana zaƙulo kurakurai. Shirunta ya ja mata wannan sunan.

"Anti, girman kai ne da ita. A taro ba ta cewa uffan, sai ta koma kujerarta ta turo min kuskure ɗari biyu da goma sha huɗu a rubuce. Sai ka ce ni ɗalibinta ne."

Na ce, kurakuran ƙarya ne? Ya ce ba ƙarya ba ne, amma rabinsu ba mai hankalin da zai faɗa cikinsu. Wa'adinta ranar goma sha biyar zai cika. Manaja yana jiran rahotona, ko a tabbatar da ita ko a sallame ta.

Alhamis, 4 ga Satumba

Wani ya sake shanye min madara a firij. Na rubuta sunana a jikin gwangwanin, an zana min fure a kai.

Talata, 9 ga Satumba

Na kira Kurciya. Na rufe ƙofa, na zuba mata shayi, na ce ta gaya min yadda take jin aikin. Ta ajiye kofin. Da ta buɗe baki sai kalmar farko ta maƙale, ta yi ta fama da ita. Ashe i'ina gare ta, mai tsanani. Da jarrabawar rubutu aka ɗauke ta, ranar kuma ina hutu, shi ya sa ban sani ba.

Ta jawo takarda ta rubuta: "A inda na baro, kwaikwayona suke yi in na juya baya. Don Allah Anti kada ki faɗa wa kowa."

Na yi mata alkawari. Sai da ta fita na gane na ɗaure kaina da kaina. Maganar da za ta wanke ta ita ce wadda ba zan iya faɗa ba.

Kusan wata uku ina zaune taku goma daga yarinyar nan. Mai kula da ma'aikata wai.

Laraba, 10 ga Satumba

Na zo da rahoton kurakuran da ta rubuta gida. Baban yara ya leƙa ya ce, "Yau kuma wa za a yanka?" Na ce ya ji da jaridarsa.

Rubutunta tsaf, ko waƙafi bai kauce ba. Lamba tamanin da takwas ce ta fi ɓata wa Dogo rai, har ya ja mata layi da jan biro: in tsohuwar ta ja da baya ta bugi teburin mai kifi alhali tiren ya karkata, sai ƙasa ta haɗiye ta, gem ɗin ya sandare. A gefe ya rubuta: "Wa zai yi haka?"

Ni ma ban sani ba. Ban taɓa buga abin ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Kai! Bari in rubuta tun dariyar ba ta huce ba.

A taron safe na ce wa Manaja ba zan sa hannu a rahoton aikin da ban fahimta ba, a ba ni wayar gwaji in ga abin da ake rigima a kai. Sai aka hau tafi. Mai zanen hotunan gem ɗin har da jawo min kujera mai taya. Suka haɗa wayar da babban allon bango don kowa ya sha kallo.

Dogo ya ce, "Anti, babban yatsa a nan, ki tura sama ta yi gaba." Na tura. Tsohuwa ta yi baya. Na ce innalillahi, na ƙara turawa, ta ƙara yin baya, tiren ya karkace, ƙwai na gangarowa, ni kuma ina karkata jikina duka kamar a kaina yake. Mai zane na ihu, "Anti, wayar za ki juya, ba ƙugu ba!" Sai ji na yi ƙum. Teburin mai kifi. Tsohuwa ta nutse cikin ƙasa har wuya, ta tsaya tana kallonmu. Allon ya sandare.

Ko minti biyu ban yi ba.

Manaja ya cire tabarau ya ce, "Dogo, lamba nawa ce wannan?"

Kafin ya amsa sai muka ji murya daga bayan ɗaki. Kurciya ce, a tsaye. "Ta... ta... tamanin," ta daɗe a nan, idonta a rufe, "da takwas."

Wallahi ban sa ta ba. Na bi fuskokin nan ɗaya bayan ɗaya, ina jiran in ga wanda zai murmusa in ci ƙaniyarsa. Ba ko ɗaya. Dogo ya sunkuyar da kai yana murza biro.

Manaja ya ce masu irin hannun Anti su ne rabin waɗanda za su sauke gem ɗin. Na ce na gode da yabo.

Litinin, 15 ga Satumba

An tabbatar da ita. Ni na miƙa mata takardar, ta karanta sau biyu, ta rungume ni har ɗankwalina ya zame.

Da rana Dogo ya zo, yau har da sallama. "Anti, kin san da maganar bakin nata?" Na ce abin da na sani nawa ne. Ya ce shi ya ɗauka raini ne, ya ji kunya. Na ce ba ni zai gaya wa ba. Daga baya na hango shi ya ja kujera gefenta, rahoton a hannunsa, sun fara daga lamba ɗaya. Ita tana nunawa, shi yana gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Laraba, 17 ga Satumba

Yanzu duk abin da suka gyara sai su kawo min: "Anti, zo ki lalata mana." Kurciya ta ce in riƙa sassauta yatsa, tsohuwa ba ta son gaggawa. Da baki ta faɗa, ba a takarda ba. Na jira har ta ƙarasa.

Lahadi, 21 ga Satumba

Miya ta kama a tukunya. Auta ta ce gem ɗin tsohuwar nake bugawa a waya. Saƙon ofis nake dubawa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Sati biyu da sakin gem ɗin. Ofis lafiya, sai takardun hutu da suka taru, kowa ya gaji.

Yau a bas wani dattijo mai jakar asibiti ya zauna kusa da ni, kansa a sunkuye a kan waya, yana ta tsaki. Na saci kallo. Tsohuwar ce, a layin masu tumatir, inda akuya ke fitowa. Sau uku yana zubar da ƙwai a wuri ɗaya. Na kau da kai. Na huɗu na kasa.

Na ce, "Malam, dakata akuyar ta wuce tukuna, sannan ka bi ta hagu."

Ya bi, ya haye. Ya dube ni sama da ƙasa, da jakata da tabarauna, ya ce, "Baiwar Allah, ke ma kina bugawa ne?"

Na ce, "Ai mu muka yi shi."

Haka kawai ya fito. Ya sa na nuna masa yadda ake tsallake kwata, har na wuce inda zan sauka da tasha biyu. Na dawo da ƙafa. Na ce wa baban yara cunkoso ne.