Zomaye Biyu a Katin Sabuwar Shekara

Sendai, 9 ga Janairu, 1999

Yaya Kazuha,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun shiga sabuwar shekara lafiya, ke da Mama da maigidanki. Na san dusar ƙanƙara ta rufe ku a Hirosaki, ki ce masa ya daina hawa rufin rumbun tuffa shi kaɗai.

Ban buga waya ba don wayar gidan a ƙofar ɗakin Mama take, kunnenta kuwa ba ya tsufa sai an ce ta sha magani. Har yanzu ba ta san na miƙa takardar barin aiki a makarantar renon yara ba. Kar ki gaya mata.

Kin san na samu gurbin digiri na biyu a Kyoto, a fannin rubuta littattafan yara. Abin da ba ki sani ba, in babu tallafin karatu da na nema a wata gidauniya, gurbin ba shi da amfani, ko zangon farko ba zan iya ɗauka ba. Ba sa ba wanda ya cika talatin da biyar, ni kuwa a Yuni zan cika. Komai nawa ya isa gare su, saura takardar shaida daga malamata, da hatiminta a kai, kafin watan nan ya ƙare.

Malama Shiraishi, mai koya mini rubutun labarai, ta yi mini alkawari tun Satumba a gidanta na Shiogama, mijinta yana zuba mana shayi yana tsokanata wai na zo ƙwace wa matarsa sana'a. A Disamba na aika mata takardar gidauniyar. Shiru. Na aika katin sabuwar shekara, da hannuna na zana shi. Tunda bana shekarar zomo ce a kalandarmu, na yi tsofaffin zomaye biyu riƙe da hannun juna, macen da tabarau irin nata, namijin da hular ulun nan tasa, na rubuta "ku daɗe tare". Shekara shida ina zuwa ajinta, ba ta taɓa fasa aiko mini kati ba. Bana babu, wayarta kuma sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka.

Yaya, tsoro nake ji. Ko ta sake karanta labarina ne ta ga bai kai ba?

Ƙanwarki,
Chisato

Hirosaki, 13 ga Janairu

Chi,

Muna lafiya, Mama na gaishe ki. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ina gama wasiƙarki gabana ya faɗi, na tuna wani kati ruwan toka da na gani a hannun Mama cikin Nuwamba. Na birkice gidan nan kaf, na same shi a gwangwanin biskit da take tara takardun taki. Ga shi na haɗo miki. Daga Malama Shiraishi ne, adireshin gida ta sa, da yake ke kullum cikin sauya ɗaki kike kamar kyanwa mai jego. Katin makoki ne. Mijinta ya rasu a ƙarshen Oktoba, tana sanar da jama'a bana ba ta gaisuwar sabuwar shekara.

Ke kuma kin aika wa gidan makoki katin murna, har da zomaye, har da hula. Ko ɗan firamare ya san ba a yin haka. Na tambayi Mama, ta ce ita ta ɗauka tallar kamfanin taki ce. Na rasa bakin yi mata faɗa.

Kar ki tsaya kuka. Ki rubuta ta'aziyya yau a farar takarda, ba zane ko ɗigo, ki haɗa da turaren tsinke mai kyau. Kuma ko da wasa kar ki ambaci takardar shaidar nan. In ta ga kina ba da haƙuri kina leƙen hannunta, ta gama da ke.

In abin ya ƙi, ɗakinki yana nan, gona kuma tana buƙatar hannu. Na san ba abin da kike son ji ke nan ba.

Yayarki,
Kazuha

Sendai, 15 ga Janairu

Zuwa ga Malama Shiraishi Tokuko,

Ina gaishe ki cikin ladabi a wannan tsananin sanyi, ina kuma yi miki ta'aziyyar rasuwar maigidanki. Sai jiya labarin ya same ni.

Na aiko miki da katin murna alhali kina cikin makoki. Ba ni da hujja, laifina ne da ban ziyarce ki ba sama da wata uku. Ina roƙon ki yafe mini, ki jefar da katin. Ga turare kaɗan, in kin yarda a kunna masa. Ba zan manta da shayinsa da barkwancinsa ba.

Ki kula da lafiyarki.

Ɗalibarki,
Nagumo Chisato

Sendai, 24 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ku. Na yi yadda kika ce, amma har yau ba amsa.

Jiya na kasa daurewa, na hau jirgin ƙasa na je Shiogama. Tagogin gidan duk a rufe. Na tsaya a ƙofa da baƙaƙen kaya, hannuna a kan ƙararrawa, na kasa dannawa. In ta buɗe me zan ce? Za ta san abin da ya kawo ni ko ban faɗa ba, kuma gaskiyarta ce. Abin da ya fi ba ni kunya ke nan: mutumin kirki ya mutu, ni kuma rabin zuciyata tana kan hatimi.

Wata maƙwabciyarta ta same ni a wurin. Ta ce tun ranar ɗaya ga wata ba a ga Malama a waje ba, abinci ma a bakin ƙofa suke ajiye mata. A ranar ce da idonta ta ga Malama ta fito da safe ta buɗe akwatin wasiƙa, ta ciro kati guda, ta daɗe tsaye cikin sanyi tana kallonsa, ta koma ciki. "Ko wane mara tunani ne ya aiko shi, oho," in ji ta. Na ce lallai kam. Na juya na koma tasha.

Na kira gidauniyar. Sun ce ba a sauya mai ba da shaida, ba kuma a ƙara lokaci. A wurin aiki an riga an ɗauki wadda za ta maye ni, ni nake koya mata sunayen yara. Abinci ba ya shiga, ko ƙarar babur ɗin mai kawo wasiƙa na ji sai na ruga ƙofa.

Yaya, in wani abu ya same ta a gidan nan, katina ne. Ki fara shirya Mama a hankali, ina jin a Afrilu zan dawo.

Chisato

Shiogama, 28 ga Janairu

Chisato,

Sanyi ya yi yawa bana, da fatan kina rufe wuyanki. Turaren ya iso, na gode.

Ranar ɗaya ga wata kowa ya kiyaye al'ada, akwatina babu komai sai katinki. Na ji haushinki sosai, ba zan ɓoye miki ba. Na kifa shi a kan tebur, na ce ba zan sake kallonsa ba. Amma tun Oktoba duk wanda ya shigo gidan nan sai ya sassauta murya ya ce "marigayi". Ke kaɗai kika aiko mini da shi da ransa, yana riƙe da hannuna.

Takardarki tun Disamba na rubuta ta. Abin da ya hana ta tafiya shi ne hatimi. Shekara arba'in shi yake ajiye mini shi a aljihun teburinsa, don ya ce ni ko kaina zan iya batarwa, ni kuma na kasa buɗe aljihun. Shekaranjiya na jingina zomayenki a kan teburin, na ce da mai hular ya ba ni hatimina yarinya tana jira, na ja aljihun. An kai takardar da hannu, sun karɓa. Sauran kuma nasu ne.

Katin ba zan jefar ba, yana gefen hotonsa. Sai dai kin yi kuskure ɗaya: hagu yake karkata hular, ba dama ba. Ki zo ranar Lahadi da fensirinki ki gyara. Ki danna ƙararrawar wannan karon, na gan ki ta taga.

Ki gaida mahaifiyarki.

Shiraishi Tokuko