Takardu Bakwai a Bangon Likita

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Hukumar Kula da Aikin Likitoci

Daga:
Baba Ƙarfe, tsohon mai gyaran filin ƙwallo

14 ga Mayu

Game da: Likitan ƙashin da ya yi wa jikana aiki ba tare da horo kan raunin 'yan wasa ba

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar ban girma, ni na fara ganin raunin nan, tun kafin koci ya ankara. Shekara arba'in ina zuba layi a fili, daga saukar ƙafa nake gane gwiwar da ta tafi. Ban yi boko ba, maƙwabcina ke rubuta abin da nake faɗa.

1. Ranar 3 ga Janairu jijiyar gwiwar jikana, mai tsaron raga, ta tsinke. Asibiti ta tura mu wurin wata likita da aka ce ta yi ƙarin horo kan 'yan wasa. Takardar shaida biyu kacal na gani a bangon ofishinta. Na ja hannunsa muka fito.

2. Na kai shi wurin wani likita mai takardu bakwai a bango, kowace da hatimi mai ƙyalli. Na tambaye shi ko ya san gwiwar ɗan ƙwallo, ya ce ai sana'arsa ke nan. Ranar 20 ga watan ya yi aikin.

3. Har yau gwiwar zamewa take. 'Yata, uwarsa, ta je ta karanta takardun bangon likitan: ɗaya ce ta likitan ƙashi, shidan na halartar taron kwana bibbiyu ne.

4. Nawa laifin ba zan ɓoye ba. Jikan nan ya roƙe ni mu koma wurin matar, na ce ni da na tashi daga karaya huɗu ba wanda zai koya mini ƙashi. Ya sa hannu a takardar yardar aikin ne don ba ya musu da ni. Kullum sai ya zo ya gaishe ni, da sandarsa. Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Ina roƙon Hukuma ta binciki likitan, ta kuma sa a bambanta takardar horo da ta taro yadda irina zai gane. Sannan a taimaka a mayar da jikana hannun waccan likitar kafin ƙarshen Yuni, lokacin da ƙungiyarsu za ta cire sunansa daga 'yan wasanta. Ni kunya ta hana ni taka ƙofarta.

Mai ganin surutun tsufa nake yi, ya zo ya riƙe ƙafar yaron da hannunsa ya ja. In gwiwar ba ta zame ta biyo shi ba, na janye takardar nan a bainar jama'a.

Naka cikin ladabi da biyayya,
Baba Ƙarfe
(dangwalen yatsa)