Taku Ɗari Biyu Kafin Ƙololuwa

Mojstrana, 9 ga Satumba

Zuwa ga yayana Drago,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Vesna da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da kwanciyar hankali a can Melbourne. Mu ma muna nan ƙalau, an gama haƙar dankali, Gwaggo Milka kuma tana nan da ƙorafin gwiwarta kamar kullum.

Yaya, maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don a waya kuka zai hana ni faɗa. Ka san shekara saba'in da huɗu ke nan yana kallon dutsen Triglav ta tagarsa bai taɓa hawa ba, ka kuma san tsiyar da abokansa suke yi masa, musamman Lojze mai bakin nan, wai wanda bai taka ƙololuwar Triglav ba ai baƙo ne a Sloveniya, a karɓe masa fasfo. Baba yakan yi dariya, ashe abin yana cinsa a rai. Da likita ya ce bayan aikin zuciyar da za a yi masa watan gobe ya yi sallama da hawan dutse, sai ya ce in raka shi ko ya tafi shi kaɗai.

Mun kwana a masaukin da ke ƙasan ƙololuwa. Da safe mai masaukin ya dubi sama ya ce, tsoho, yau ba ranar dutse ba ce, zauna ka sha shayi. Baba ya ce shi ba shayi ya kawo shi ba. Har igiya ya taho da ita a jaka, don in yi masa bulala ukun nan da bisa al'ada ake yi wa wanda ya hau karon farko a can sama. Ni ma da wautata na bi shi. Muna kan siririyar hanyar da ake bi riƙe da wayar ƙarfe hadari ya rufe mu, ga ƙanƙara, ga iska, wayar ta fara ƙugi kamar ƙudan zuma, gashin hannuna ya miƙe, alamar tsawa na gab da faɗowa. Muna hango 'yar hasumiyar da ke kan ƙololuwa, bai fi taku ɗari biyu ba. Na cafke rigarsa na rantse ba zai ƙara taku ɗaya ba. Ya roƙe ni, Yaya. Ya ce, Metka, 'yata, minti goma kawai. Ban taɓa jin Baba ya roƙi kowa ba. Na ja shi muka sauko.

Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci Lojze ya tare shi ya ce, to baƙo, yaya dutse? Baba ya ce ya hau. Duk suka juyo suna kallona, na ce ƙwarai kuwa, da hannuna na yi masa bulalar. Suka rungume shi suna ihu, shi kuwa ya kasa haɗa ido da ni. Har yau zuciyata ba daɗi, ban sani ba ko cetonsa na yi ko cutarsa.

Ka gaishe mini da Vesna da Tinkara da ƙaramin maigida Ožbej. Gwaggo Milka tana gaishe ku. Idan ka kira Baba ka taya shi murna, kuma don Allah kada ka ce ya turo maka hoto.

Taka ƙanwa,
Metka