Ganyen Bakin Kogin Nafada

Pantami, Gombe
Nuwamba, 2014

Zuwa ga ƙanina Joda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, kuma karatun digirin naka a Malesiya yana tafiya yadda ake so. Allah ya ba da sa'a, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita barka da ta'aziyya. Gari kuwa ka san halin da ake ciki, shingen sojoji ko'ina, ana shiga kasuwa ana waige-waige.

Maganar 'yarka ta wajena, Fatimatu, ce ta sa na ɗauki biro. Ta shiga shekarar ƙarshe a jami'a, kuma aikin binciken da ta zaɓa shi ne itatuwa da tsirran asali na bakin kogin garinmu Nafada. Malaminta ya ce ko dai ta kawo ganyen da ta tsinko da hannunta, ko ta kawo madogara ingantacciya daga intanet. Na ce mata ta kama ta biyun, ni zan riƙa raka ta. To, ka ganni da furfurata a shagon kwamfutar Ikechi na unguwar Herwagana, ina leƙen allo kamar mai duba.

Abin da na gani a can ya ishe ni. Wani shafi ya jera mangwaro da dogon yaro a cikin itatuwan asalin ƙasarmu, alhali kawo su aka yi. Wani ya sa hoto ya ce kanya ce, ni da na kusa karya ƙugu a kan kanya ina yaro ban taɓa ganin wannan itacen ba. Shafuka da yawa kuma kwafar juna suke yi, har kuskuren rubutun iri ɗaya. Fatimatu ta koya mini yadda ake tacewa: a duba wa ya rubuta, a wace jami'a ko cibiya yake, yaushe, kuma ko ya faɗi inda ya samo maganarsa. Shafin da ya ce tsiro ɗaya yana maganin ciwo goma sha wani abu, a ƙasa kuma ga lambar waya, ta ce a wuce shi kawai.

Mun dace da guda ɗaya mai kyau, na wata ma'ajiyar busassun tsirrai ta ƙasar waje. Akwai hoton ganyen taura da aka tsinka a yankinmu tun kafin a haife ni, da sunansa na kimiyya da na wanda ya tsinka. Na daɗe ina kallonsa, ba zan ɓoye maka ba, kewar gida ta kama ni. Sai dai mafi yawan rubuce-rubucen masana a kulle suke, kan maganar kawai ake gani, sai wanda jami'arsa ke da izinin shiga. Fatimatu ta ce jami'a irin taku tana da shi. Na ce ta roƙe ka, ta ce ba za ta ɗora wa Bappa Joda nauyi yana tsakiyar karatu ba. Taurin kan nan ka san inda ta gado shi, ba wajena ba ne.

Ga abin da ke damuna. Na ga ta fara tara tsofaffin jaridu da kwali a ƙarƙashin gado, irin waɗanda ake danne ganye a ciki ya bushe. Jaji direba kuma ya gaya mini ta je tasha tana tambayar ko motocin Nafada na tashi. Joda, hanyar nan ce yayanta Babayo ya bi bara, har yau ba mu ga ko takalminsa ba. Ina jin tsoro, kuma uwarta ba ta san komai ba tukuna.

Don Allah ka nemo mata duk abin da masana suka rubuta a kan kanya, taura, ɗinya, aduwa da marke na yankin kogin namu Gongola, ka tura mata kamar kai ka yi tunanin haka da kanka, kafin a shiga hutun Disamba. Ikechi ne zai aiko maka da hoton wasiƙar nan, ta hannunsa za ka ba ni amsa.

Ka gaida amarya Hafsatu da ƙaramin Sallau mai sunana. Inna da Goggo Dija suna gaishe ku. In kuwa ka duba ba ka samu ba, kada ka gaya wa Fatimatu, ni za ka gaya wa. Na fi ta sanin inda itatuwan suke, ni zan je in tsinko mata.

Naka,
Hamma Sallau