Randunan Ilyasu

Asabar, 2 ga Afrilu, 1994

Jibrin shugaban lajna, wato kwamitin unguwa, ya zo da safe. Wai sun yi zama, sun yanke kowa ya ɗauke randar sabil, ta ruwan sadaka, daga ƙofar gidansa, don tana tara baƙi. An sace wa maƙwabciyata Sittana akuya, shi ke nan laifin ya koma kan ruwa. Na ce, Jibrin, randunan nan biyu sadakar mijina Ilyasu ce, tun ranar da aka kai shi kabari nake cika su. Ya ce, "Inna, doka ce, ba ni kaɗai na yi ba." Yaron da na goya a gonar auduga a Jazira, yau shi ke karanta mini doka.

Litinin, 4 ga Afrilu

Gidaje huɗu sun ɗauke nasu. Nawa suna nan daram.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Masu karo, wato amalanken jaki, da leburorin gini duk sun dawo wajena, tunda babu wani ruwan a layin. Sau uku na cika yau, bayana kamar zai tsage. Wani dattijo ya sha ya ce Allah ya jiƙan mai shi. Na shige ɗaki na yi kuka.

Bencin shagon Jibrin fa? Rabinsa a kan hanya yake, maza na zaune a kai har magariba. Wannan ba tara mutane ba ne, tunda suna sayen sigari.

Talata, 12 ga Afrilu

Na sa 'yata Ni'mat ta raka ni ofishin mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, don Larabcinta ya fi nawa kaifi. Muka yini a layi. Ma'aikacin ya tambayi inda randunan suke, na ce cikin lungun katangata, ƙarƙashin rumfata. Ya ce lajna tana iya tsara shara da rabon sukari, amma abin da ke cikin filin mutum ba huruminta ba ne. Na ce ya maimaita. Ya maimaita. A mota har daɗi nake ji kamar yarinya. Ni'mat ce ta ɓata mini, ta ce, "Yumma, shi a ofis yake kwana ko a layinmu?"

Lahadi, 17 ga Afrilu

Na faɗa wa Jibrin a gaban mutanensa. Bai yi musu ba. Ya ce, "To, Inna. Duk abin da ya ɓata a layin nan, an san ƙofar da za a buga."

Lahadi, 24 ga Afrilu

Sukarinmu bai fito ba, wai an yi mantuwa. Wannan da sauƙi. Abin da ya ci mini rai, matan layi sun yi zaman jabana, shan gahawa, a gidan Sittana ba a aiko mini ba. Ina jin ƙamshin gahawar ta kan katanga. Mu da muka yi wa juna wankan jego!

Juma'a, 29 ga Afrilu

An ɗauke wa wasu tukunyar gas. Ba wanda ya ce mini uffan, gaisuwa ce dai ta ƙare. Ni'mat ta ce mu shigo da randunan ciki mu huta. Na ce sadakar da ke bayan ƙofa wa za ta shayar, kaji? Ubanki bai taɓa tambayar mai ƙishi daga ina yake ba.

Amma barci ya ƙi. Idan da gaske ɓarawon yana cikin masu shan fa?

Talata, 10 ga Mayu

Randunan suna nan, ban ɗauke ba, kuma ba zan ɗauke ba. Na dai sa wa kofin sarƙa, kuma yanzu nakan zauna a bayan ƙofa in leƙa.

Da azahar wani ya zo, baƙo ne, ƙafarsa duk siminti. Ya ɗebi ruwa ya tsuguna a inuwa yana sha a hankali. Na hango Sittana tsaye a ƙofarta tana kallo. Sai na ji bakina ya ce, "Malam, nan ba wurin zama ba ne."

Ya ce in yi haƙuri. Ya mayar da kofin da sauran ruwa a ciki, ya tafi cikin ranar nan.

Ciwon baya ne ya sa ni faɗa, ina jin.