Minti Huɗun Baiwa

Matameye, ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanwata Zuhra, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigidanki Alhaji Sule kuna lafiya. Allah ya saka muku da alheri a kan jinyar matata Baiwa da kuka yi har ranta ya fita a hannunku. Mu nan lafiya lau, an gama sadakar arba'in, baƙi sun watse. Ni ne dai ban san inda zan sa kaina ba.

Zuhra, bidiyon da kika ɗauke ta a gadon asibiti kika turo mini ya zame mini ciwo. Kin yi ne don alheri, amma kin manta yayanki shekara shida ke nan sanƙarau ya tafi da kunnensa. Minti huɗu tana kallona tana magana, ni kuwa ina zaune kamar gunki. Na koya wa rabin garin nan karatu a lakwal, makarantar boko, yau ga maganar matata ta ƙarshe a tafin hannuna na kasa karantawa.

Ɗana Khalifa ya ce akwai abin da ke rubuta magana a ƙasan hoto da kansa. Ya kunna, abin bai san Hausa ba, ya dinga zubo Faransanci marar kai da gindi, har da zancen jirgin ƙasa. Na ce ya kashe, uwarsa ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Sai na ba shi allona na ce ya rubuta da hannu. Ya saurara, ya sunkuyar da kai, ya rubuta wai ta ce in yafe mata. 'Yata Halimatu Sadiya ta saurara, ta yi kuka, ta rubuta wai ta ce in yi haƙuri. Minti huɗu fa, layi ɗaya! Na kai wa maƙwabcina Munkaila, yana jin farkon ya miƙo mini wayar, ya nuna da hannu cewa wannan ba ta kunnensa ba ce. Kunya ce, na sani, ni na tarbiyyantar da su a kanta, ga shi ta rufe mini ƙofa.

Akwai wani wuri kusa da ƙarshe da ta yi murmushi ta ja mayafi ta rufe baki. Kafin ta rufe, leɓenta ya yi wani motsi da na maimaita ya fi sau ɗari. Shekara talatin da huɗu ba ta taɓa kiran sunana ba, sai Malam, sai baban Khalifa. Ina zaton shi ta faɗa, shi ya sa yaran suka kasa. Ko kuwa zuciyata ce take yi mini ƙarya. Muryarta ma ta fara ɓace mini, jiya na nemi yadda take sallama na rasa.

Ke kina wurin, kuma ba ki taɓa jin kunyata ba tun kina satar mini gyaɗa. Ki zauna ki rubuta mini duka, kalma bayan kalma, har tarin da ta yi. Kada ki gyara, kada ki tausaya mini.

Ki gai da Alhaji, da Ummu Salma, da Hawa mai ɗaki. In kuma sunan nawa ne, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe, don ko lokacin da nake da kunne ban ji shi a bakinta ba.

Naki yaya,
Inusa